Tsutsar da Ba Ta da Baki

Hausawa na cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Babu wanda ya kai mutanen bakin ruwa yarda da wannan magana, su da kan tura jirgi da asuba ba su san abin da taru zai ɗebo ba. To, ina labarin halittar da ba ta da bakin ma sam? Akwai ta. Gidanta ya fi ƙaton namiji tsawo, jininta ja wur kamar namu, ba baki, ba tumbi, ba hanji, amma saurin girmanta sai ya ba ka tsoro. Har zuwa shekarar 1977 babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa sa ta a ido.

In danginta kake son gani, ba sai ka yi nisa ba. Sauka bakin ruwa a Yelwan Yauri ko Wara da hantsi, ka tsaya wajen yaran da ke tonon laka suna neman abin sa wa ƙugiya. Karɓi tana ɗaya ka ɗora a tafin hannu. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, zobe na bin zobe. Shafa ta daga wutsiya zuwa kai, za ka ji ɗan kaushi: wasu 'yan gashi ne masu tauri da take tokarawa da su in za ta kutsa ƙasa. Ita da matsattsaku da dubban tsutsotsin teku duk tsatso ɗaya ne, sai dai na teku sun fi ta yawan gashin. A cikinsu akwai masu yawo, akwai kuma masu gina bututu su shige ciki, su zauna har ranar mutuwa. Wadda za a ba da labarinta ita ce giwa a cikin masu bututun.

Sai mun fara auna zurfi kafin labarin ya zauna. Tafkin Kainji, a inda ya fi zurfi kusa da madatsa, bai wuce kimanin mita 60 ba, kuma ko a hakan babu Basarken da zai ce ya taɓa taka ƙasansa. Jera irin wannan zurfin sau 40, ɗaya kan ɗaya, sannan ka isa inda tsutsar take: kimanin mita 2,500 a ƙarƙashin Tekun Fasifik. Hasken da tsiro zai rayu da shi yakan ƙare tun a wajen mita 200. Daga mita 1,000 duhu ne baƙi ƙirin, dare da rana ɗaya. Sanyin ruwan digiri 2 ne kacal. Nauyinsa kuwa, duk wurin da bai fi farcen ɗan yatsa faɗi ba, tamkar an aza masa buhunan siminti biyar ne.

Masana sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan wuri. Hujjarsu mai sauƙi ce, kuma kowane masunci zai gane ta. Rana ke raya gansakuka da ciyawar ruwa, karfasa ta ci su, giwan ruwa ya ci karfasa, mutum ya ci giwan ruwa. Ka cire rana, ka tsinke igiyar daga tushe. Saboda haka aka ɗauka ƙasan teku hamada ce, 'yan halittun da ke can suna lallaɓawa ne da burbushin matattun abubuwa da ke gangarowa daga sama. Wani hatsari ma ya ƙara ƙarfafa wannan zato. A watan Oktoba na 1968, shekarar da ruwa ya fara cika Kainji, igiyar da ke sauke wani ɗan jirgin nitso na Amurka mai suna Alvin ta tsinke. Mutanen ciki suka tsira, jirgin ya nutse da abincin ranarsu. Bayan wata 10 aka ciro shi daga zurfin mita 1,500, sai ga burodi da tuffa sun jiƙe amma ba su ruɓe ba. Aka ce to, ka ga wurin da ko ruɓa ba ta da kuzari, ina maganar rayuwa?

Wannan Alvin ɗin ne aka gyara, aka ɗora a kan wani jirgi mai suna Lulu, aka nufi gabashin Fasifik da shi a watan Fabrairu na 1977, tare da babban jirgin bincike Knorr na cibiyar Woods Hole. Inda suka dosa yana da nisan kilomita kusan 400 daga tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado. Ba halitta suka je nema ba. Ayarin duk masana duwatsu ne da masana sinadarai, irin su Jack Corliss na Jami'ar Jihar Oregon, da John Edmond, da Robert Ballard, wanda daga baya ya gano gawar jirgin Titanic a 1985. Lissafi ya nuna musu cewa a inda ɓawon duniya ke tsagewa a ƙarƙashin teku dole a sami maɓuɓɓugar ruwan zafi, amma babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. Ita suka je gani. Ko masanin halittu guda ba su ɗauka ba, don me za a kai shi yi a hamada?

Da farko sai suka zura wani kejin ƙarfe mai suna ANGUS, ɗauke da kyamara da fitilu da ma'aunin zafi, suka riƙa jan sa daf da ƙasan tekun. Awa bayan awa ma'aunin bai motsa daga digiri 2 ba. Can wajen tsakar dare ya ɗan yi tsalle, ya yi kamar minti uku, ya koma. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka jawo kejin aka wanke hotuna 3,000 da ya ɗauka, sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya: baƙin dutse, baƙin dutse, baƙin dutse. Ana isowa daidai lokacin da ma'aunin ya motsa, sai ga hotuna 13 cike da fararen ƙumba manya-manya, ɗaruruwa, a kwance kan dutsen. Daga na 14 aka koma hamada.

Ranar 17 ga Fabrairu mutum uku suka dunƙule cikin Alvin: matuƙi Jack Donnelly, da Corliss, da Tjeerd van Andel na Jami'ar Stanford. Ɗakin da suke ciki ƙwallon ƙarfe ne da faɗinsa bai wuce mita biyu ba, ba wurin miƙe ƙafa, kowa da 'yar tagarsa kamar bakin kwano. Sun yi wajen awa ɗaya da rabi suna nutsewa cikin duhu. Da suka isa suka kunna fitila, sai suka ga ruwa yana rawa a saman tsagogin dutse, irin rawar da iska ke yi a kan kwalta da azahar a watan bazara. Ruwan ɗumi ne ke fitowa. Abin da suka zo nema ke nan, amma hankalinsu bai tsaya a kansa ba, domin kewaye da tsagogin ga ƙumba kusan tsawon kamu da rabi, ga ƙaguwa farare suna kai da kawo, ga kifi. Corliss ya ɗauki waya ya kira ɗalibarsa Debra Stakes da ke sama a kan Lulu, yana tambayarta: ashe ba cewa aka yi nan hamada ba ce? Ga dabbobi nan fal.

A kwanakin da suka biyo baya suka gano wasu maɓuɓɓugan. A ɗaya daga ciki, wadda suka raɗa wa sunan Lambun Adnin, suka tarar da wasu fararen bututu a tsattsaye kamar karan dawa bayan girbi, kowanne da jan tukku a ka yana kaɗawa. In aka matsa kusa, sai tukkun ya zuƙe ciki. Hannun ƙarfen Alvin ya tsinko wasu aka hau da su. A nan rashin shiri ya bayyana: maganin adana halitta da ke jirgin ɗan kaɗan ne. Da ya ƙare, sai aka koma tsoma abubuwan da duniya ba ta taɓa gani ba a cikin barasar Rasha da aka sayo a Panama. Da aka buɗe kwalaben ruwan da aka ɗebo daga maɓuɓɓugan kuma, ɗakin gwaji ya turnuƙe da warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai da aka bubbuɗe tagogi.

Duk wanda ya taɓa zurma ƙafa a baƙar lakar bakin tafki bayan ruwa ya janye ya san wannan warin. Iska ce da ake samu in farar wuta ta haɗu da haidurojin. Dafi ce mai kisa, tana cikin iskokin da ke kayar da masu yasar masai da tsofaffin rijiyoyi. A ƙasan teku ga yadda take samuwa: ruwa kan tsiyaya cikin tsagogin dutse, ya gangara kusa da narkakken dutsen da ke ƙasa, ya yi zafin da ya wuce digiri 350 ba tare da ya tafasa ba saboda nauyin da ke danne shi, ya kwaso farar wuta da ƙarafa, ya dawo sama. A inda tsutsotsin ke zama yakan gauraya da ruwan sanyi ya zama ɗumi-ɗumi. Ke nan a bakin dafi suka kafa gari.

A 1979 aka koma, wannan karon da masana halittu ƙarƙashin jagorancin Fred Grassle. Suka sami wani wurin da bututun suka yi kurmi, wasu sun haura mita biyu, kaurinsu kamar ƙotar fartanya. Jajayen tukkayen suka sa aka kira wurin Rose Garden, wato lambun furen wardi. Aka aika da tsutsotsin ga Meredith Jones, mai kula da sashen tsutsotsi a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, wanda a 1981 ya sa wa halittar suna Riftia pachyptila.

Jones ya feɗe ta daga sama har ƙasa. Bututun ba ƙashi ba ne, ba dutse ba. Irin sinadarin ɓawon fara da ƙaguwa ne, tsutsar ke fitar da shi daga jikinta, ya yi tauri kamar kirgi. Tukkun kuwa ɗaruruwan siraran faifai ne cike da jini, aikinsu irin na jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi. A tsakiyarsa akwai wani farin murfi da ke toshe bakin bututu in ƙaguwa ta kawo cizo. Can ƙarshen wutsiya akwai 'yan gaɓoɓi masu gashi mai tauri da take maƙalewa da su a bangon gidanta, kuma su ne shaidar zumuncinta da tanar bakin ruwanmu. An daɗe ana ware ire-irenta a wani gida na daban, sai daga baya binciken ƙwayoyin gado ya mayar da su cikin dangi. Amma abin da ya ɗaure wa Jones kai shi ne abin da bai gani ba. Ya nemi baki bai samu ba. Ya nemi hanji, babu. A inda ya kamata su kasance sai wata doguwar tsoka mai laushi kamar soso ta cika gangar jikin, kuma a cikinta yana ta cin karo da ƙwayoyin farar wuta, rawaya shar.

A 1980 ya je Jami'ar Harvard ya ba da lacca a kan wannan abin mamaki. Cikin masu sauraro akwai wata ɗaliba, Colleen Cavanaugh, shekararta ta farko ke nan a karatun digiri na uku. Da ya ambaci farar wutar, sai ta miƙe tsaye a tsakiyar lacca ta ce ai magana ta fito: dole akwai bakteriya masu cin farar wuta a cikin jikin tsutsar, su ke ciyar da ita. Kamar yadda takan ba da labari, malamin cewa ya yi ta zauna. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ranar nan yarinyar ce ta hango daga kan benci. Shi ma dai Jones dattijo ne, don daga baya ya ba ta yankin tsokar ta bincika. Ta duba a madubin ƙara girma, ta yi gwaje-gwaje, sai ga su: biliyoyin bakteriya a kowane giram. A 1981 mujallar Science ta buga sakamakon da sunanta a gaba, da na Jones a ciki. A shekarar ce kuma Horst Felbeck na cibiyar Scripps ya nuna cewa tsokar na ɗauke da sinadaran da ke wannan aiki.

Tun wajen 1887 wani Barashe, Sergei Winogradsky, ya gano cewa akwai bakteriya da ke samun ƙarfi daga farar wuta maimakon rana. Abin da ba a taɓa zato ba shi ne dabba sukutum ta mayar da cikinta gonarsu. Yadda cinikin yake shi ne: tsutsa ta miƙa tukkunta daidai inda ruwan ɗumi mai dafi ke haɗuwa da ruwan sanyi mai oksijin, ta zuƙi dafin, ta zuƙi oksijin, ta zuƙi iskar kabon, jini ya kai su ciki. Bakteriya su ƙona dafin, su yi amfani da ƙarfin da ya fito su haɗa abinci daga kabon, kamar yadda ganye ke yi da hasken rana. Tsutsa ta sha daga abin da suka haɗa, ta kuma narkar da wasunsu. Ita ta ba da masauki da cefane, su suka yi girki. Cuɗe ni in cuɗe ka.

Saura tambaya ɗaya: me ya hana dafin kashe ta a hanya? A 1983 Alissa Arp da James Childress na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka nuna cewa sirrin na cikin jininta. Sinadarin da ke sa shi ja yana iya ɗaukar oksijin da dafin a lokaci guda, ya riƙe dafin gam har ya sauke shi a hannun bakteriya, kamar mai dakon garwashi a kasko. Sai dai a faɗi gaskiya, ba ta rabu da rana kwata-kwata ba. Oksijin ɗin da take zuƙa tsirran sama ne suka samar da shi, igiyar ruwa ta kai mata. Ko a wannan duhun, da sauran zumunci tsakaninta da ciyawar da ke bakin kogin Kwara.

Zama a bakin wuta yana da farashi. A watan Afrilu na 1991 Alvin ya sauka a wani tsaunin ƙarƙashin ruwa daura da Meziko, ya tarar dutse bai daɗe da yin aman wuta ba. Tsutsotsi sun ƙone, namansu a warwatse kamar an yi gashi an watse. Masana, ciki har da Richard Lutz na Jami'ar Rutgers, suka riƙa komawa wurin. Bayan kusan shekara wata ƙaramar 'yar'uwarta mai suna Tevnia ta kafa gida. Zuwa Disambar 1993 Riftia ta dawo, bututunta sun kai mita ɗaya da rabi. Lissafi ya ba da girman da ya wuce santimita 85 a shekara. Shi kansa Rose Garden, da aka koma neman sa a 2002 don cikar shekara 25 da gano maɓuɓɓugan, ba a same shi ba. Narkakken dutse ya malale shi. Amma a kusa aka ga 'yan ƙananan tsutsotsi sun fara sabon gari.

Mutanen ƙasar Yauri ba sa bukatar a fassara musu wannan. Lokacin da aka datse Kwara a 1968, kimanin mutum 44,000 aka tasa. Tsohuwar Bussa ta nutse, gungunan da Gungawa suka gada kaka da kakanni ruwa ya shanye da yawansu, aka koma tudu aka sake kafa gida. Bambancin kawai shi ne babbar tsutsa ba ta ƙaura. Inda ta kafu nan za ta mutu. 'Ya'yanta ke tafiya. Ƙwan yakan zama wani ɗan mitsitsin abu da ido ba ya gani, ya bi igiyar ruwa da guzurin maiƙon da ke jikinsa. Wani bincike na 2001 ya nuna guzurin kan kai shi kwana 38, tafiyar da za ta iya kai kilomita 100. In ya dace da maɓuɓɓuga, ya rayu. In bai dace ba, shi ke nan.

A nan ne labarin ya dawo kan karin maganarmu. A 2006 Monika Bright ta Jami'ar Vienna da abokan aikinta suka bayyana abin da ke faruwa da ɗan tsutsar bayan ya sauka. Ashe da bakinsa yake zuwa, ɗan ƙarami, har da hanji. Bakteriyan kuma ba gadonsu yake daga uwa ba, ba kuma ta bakin suke shiga ba. Ta fata suke kutsawa, kamar cuta. Da sun shiga sun zauna, sai tsokar nan ta fara ginuwa, baki ya shafe, hanji ya ɓace. An tsaga bakin, aka rufe shi, abincin kuma bai yanke ba.

Ba a Fasifik kaɗai zuriyar take ba. Ruwan da ya wuce ta gaban Shanga da Yauri da Ngaski, ya ratsa injinan Kainji da na Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, a Mashigin Gini yake ƙarewa. A can kudancin wannan mashigi, daura da gaɓar Gabon da Kwango, masu bincike na Faransa sun sami kurmin wasu tsutsotsin bututu a zurfin da ya haura mita 3,000, a inda iskar gas ke tsattsafowa daga laka. A 2004 aka sa musu suna Escarpia southwardae. Su ma ba baki, su ma da bakteriyansu. Irin waɗannan na wuraren sanyi ba sa gaggawa: 'yan'uwansu na Mashigin Meziko an ƙiyasta suna kai shekara 250. Mai yiwuwa akwai wadda ke tsaye a bututunta yau, tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo take nan.

Gobe da hantsi yaran bakin ruwa za su sake tonon laka, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, su toshe hanci, su zaro tana su soka a ƙugiya. Warin da suke gudu shi ne tuwon 'yar'uwarta.